Autan da Ba Ya Musu da Babba

A gidanmu an daɗe da daina faɗin farashin abu da kuɗi, da minti ake faɗa. In Mama ta dawo daga kasuwa ta dire jarkar mai, sai ta ce, "Wannan minti biyu ce." Ranar da na sayi takalmi da gumina, Baba ya ɗauka ya juya shi, ya duba ƙasansa, ya ce, "Minti goma za ka riƙa takawa ke nan." Mintin da ake nufi shi ne wanda ƙanena yake yi a sama, cikin ƙaramin jirgin makarantar koyon tuƙi. A can da awa ake biya, kuma awa ɗaya ta fi abin da shagonmu yake samu a sati mai albarka. Ni ne babba, ni ne kafintan da ke riƙe da shagon, kuma gara in faɗa tun yanzu don kada wani ya ɗauka ya gano wani sirri: ina ƙyashin yaron nan, kuma ina da dalilina.

Auta muke ce masa. Mu biyu iyayenmu suka haifa, shi kuma sai da aka cire rai sannan ya zo, saboda haka ya taso shalele. Abin haushin shi ne shagwaɓar ba ta lalata shi ba, da ta lalata shi da na samu abin faɗa. Yaro ne mai "to". To, Baba. To, Mama. To, Yaya. In Baba ya aike shi ƙusa mai tsawo alhali aikin gajera yake so, Auta ya san gajera ake so, amma mai tsawon zai kawo, ya tsaya a gefe har Baba ya gane da kansa ya sake aikensa. Baba kuwa har alfahari yake yi da wannan a gaban baƙi. "Bin na gaba bin Allah ne," in ji shi, "wannan ɗan bai taɓa musu da ni ba." Ya faɗa yana satar kallona, domin ni tun ina ƙarami bakina bai san linzami ba.

Ni da na gama sakandare zanen gine-gine na so in karanta. Babu wanda ya hana ni, babu kuma wanda ya tambaye ni. A shekarar ne kafaɗar Baba ta fara ciwo, ya kasa ɗaga katako, na shiga shago in taimaka kafin ya warke. Kafaɗar ba ta warke ba har yau, ni ma ban fita ba.

Shi kuwa Auta, ta dalilin aikina ya samu hanyarsa. Makarantar da ke bayan filin jirgi ta ba mu aikin tebura da durowoyi na ofishinsu, na tafi da shi ya kama mini kaya. Ina durƙushe ina ɗaura ƙafar tebur, gumi na shiga mini ido, na waiga ban gan shi ba. Ashe wani malaminsu ya gan shi ya maƙale a jikin waya yana kallon jirage, ya kira shi, ya zaunar da shi a ciki, ya nuna masa wannan ya nuna masa wancan. Da muka dawo gida bai ci abinci ba. Mama ta tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya sunkuyar da kai ya ce shi dai jirgi yake so ya tuƙa. Na yi dariya har na ƙware. Ni kaɗai na yi dariyar.

Aka kira Kawu, ƙanen Mama, wanda ya taɓa aiki a ofishin sayar da tikiti, don haka duk abin da ya shafi sama shi ne malaminsa a danginmu. Kawu ya zauna a kujerar da ta fi kyau a falo, wadda ni na ƙera, ya ce hanya biyu ce. Akwai babbar makaranta inda ake zube kuɗin gaba ɗaya, yaro ya shiga da inifom, ya fito cikin ɗan lokaci da lasisinsa, kamfanoni ma sun fi sanin ɗalibanta. Da ya faɗi kuɗin, Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ko gidan da muke ciki aka sayar ba zai kai ba. Hanya ta biyu ita ce ta talaka: a riƙa sayen karatun gutsure-gutsure, in an samu a biya awa ɗaya ya tashi, in babu ya zauna a ƙasa ya jira. Ta fi sauƙi a aljihu amma tana cin shekaru, kuma in an daɗe ba a tashi ba hannu yakan manta, sai an sake biyan abin da aka riga aka biya.

"Amma kafin ku kashe ko sisi," in ji Kawu, "a kai shi wurin likitan matuƙa. In ido ko kunne ko zuciya na da matsala, magana ta ƙare."

Ni na kai shi a kan babur ɗina. Ina zaune a benci a waje, ba zan ce na yi masa mugun fata ba, amma da likitan ya fito ya ce akwai ɗan abu kaɗan a ido, wanda ba ya cutarwa sai dai ya hana tuƙi, da ban yi kuka ba. Likitan ya fito yana murmushi ya ce rabon da ya ga lafiyayye irin wannan har ya manta.

Daga nan gidanmu ya koma lissafin minti. Auta yana aiki a wani shagon sayar da wayoyi, albashinsa duka can yake tafiya, amma albashin nasa bai fi a tashi a zaga gari a sauko ba. Sauran daga ina yake fitowa? Daga zarto da gudumata. Ya yi lasisin farko, wanda ke ba mutum damar tuƙa kansa amma ba a biyansa, aka yi murna. Na ce to alhamdu lillahi, an gama. Aka ce ai yanzu aka fara, sai ya tara awoyi. Ya tara awoyi, aka ce sai ya koyi tashi cikin gajimare inda ba a ganin komai sai allon da ke gabanka. Ya koya, aka ce sai jirgi mai inji biyu, wanda awarsa ta ninka ta wancan. Kowace ƙofa aka buɗe sai a tarar da wata a bayanta da mai karɓar kuɗi a zaune. Mama ta sayar da 'yan kunnenta. Ni aurena sau biyu ana ɗaga shi, har iyayen yarinyar suka fara tambaya ko dai wasa nake yi.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In baƙi suka zo, hoton Auta ake nuna musu, yana tsaye jikin fiffike da abin sauraro rataye a wuya. Ni kuma in na shigo da garin katako a gira, sai Mama ta ce, "Kakkaɓe jikinka a waje, kada ka ɓata wa mutane kujera." Maƙwabta suka fara kiranta Maman Kyaftin tun bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Shekarata nawa ina kafinta, ban taɓa jin an ce mata Maman Kafinta ba.

Da na yi ƙorafi sau ɗaya, ta dube ni ta ce, "Hassada ga mai rabo taki ce."

Na ce, "To ai shi ya sa yake ta yabanya, Mama, ni ne mai kawo takin."

Ta jefe ni da mafici.

Shi kansa Auta bai taɓa yi mini taƙama ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. In ya dawo daga tashi yakan biyo ta shago ya cire rigarsa ya kama shara. In na ce ya yi ba daidai ba, ko da daidai ya yi, sai ya ce, "To, Yaya," ya sake. Duk wanda ya saka masa ko minti ɗaya a karatun nan, Auta ya ɗauke shi kamar ubangidansa. Gaban Kawu har durƙusawa yake yi ya karɓi shawarar da shi ya fi Kawun saninta nesa ba kusa ba. Da ma can mai ladabi ne, nauyin abin da aka kashe masa ya zo ya ƙara danne masa harshe.

A ƙarshe dai ya samu babban lasisi, wanda ke cewa yanzu ana iya biyansa ya tuƙa. Sai ya zama babu mai biyan. Kamfanoni suka ce suna son wanda ya san irin jirginsu, kuma horon kowane irin jirgi daban ne, kuɗinsa daban, mai neman aiki ne zai biya. Ko ya tsaya a makaranta yana koyar da sababbin ɗalibai da ɗan albashi har Allah ya kawo sa'a, ko a sake zuba kuɗi a yi horon a nemi aiki kai tsaye. Auta ya ce shi zai iya koyarwar. Kawu ya ce ina, wanda ya zo bakin gulbi ba ya tsayawa wanke ƙafa. Auta ya ce, "To, Kawu."

Abin da ya rage a sayar shi ne injin da ke goge katako, babban inji mafi daraja a shagon, wanda katakon da zan wuni ina gogewa da hannu yake lashe shi kafin in sha ruwa. Baba bai iya faɗa mini da bakinsa ba, sai ganin masu saye na yi sun zo da mota. Na taya su ɗagawa, domin in na bar su za su karya mini ƙofa. Wurin da injin ya tashi ya bar tabo a siminti, na jawo benci na rufe. Daga ranar na koma guga da hannu, kafaɗata ta fara koyon ciwon Baba.

Ya yi horon ya ci. Wani kamfani ya kira shi gwaji. Mama ta yi sadaka, Baba ya sa an yi masa aski, ni na goge ƙofofin wani mutum guda shida. Da la'asar Auta ya dawo, bai wuce gida ba, ya shigo shago ya zauna a kan bencin nan, ya yi tsuru-tsuru.

"Yaya, ban ci ba."

Wani abu ya yi sanyi a ƙirjina, irin sanyin da mutum ba ya so a gani a fuskarsa. Na ci gaba da aikina na ce, "Jirgin ka kayar?"

Ya ce ba jirgi ake shiga ba. Wani ɗaki ne da aka gina kamar hancin jirgi, a kan ƙafafun ƙarfe, yana motsi yana karkata, in kana ciki ba ka bambanta shi da na gaske. Mutum biyu ke zama. Kyaftin a kujerar hagu, mataimaki a ta dama, kuma ta daman ita ce aikin da yake nema. Wanda ya zauna a hagu wani dattijon kyaftin ne mai furfura, wanda ya fara tuƙi tun ba a haifi Auta ba. Tashi ya yi kyau, juyi ya yi kyau, har inji ɗaya aka kashe masa ya sauko lafiya. Sai a wani wuri aka ba su umarnin tsayin da za su hau, dattijon ya murɗa wata lamba daban.

"Ba ka gani ba?"

"Na gani."

"To me ka ce?"

"Ban ce komai ba. Na ɗauka ko ya san wani abu da ban sani ba. Mutum kamar Baba, Yaya. Ta ina zan fara?"

Ashe da gangan dattijon ya yi, kuma duk gwajin saboda wannan wurin aka shirya shi. Bayan an fito ya zaunar da Auta ya ce masa hannunsa yana da kyau, amma ba hannu na biyu suke nema ba, ido na biyu suke nema, mai baki. Mataimakin da zai ga kuskure ya yi shiru don kunya, gara kujerar ta tafi babu kowa. Ya ce ƙa'idarsu ita ce ka faɗa sau ɗaya a fili. In ba a amsa ba ka sake faɗa da ƙarfi. In har yanzu ba a amsa ba, ka ce ka karɓa, ka karɓi tuƙin, ko da wanda ke hagu ya haife ka. Saboda ya ga hannun nasa, zai ba shi dama ɗaya nan gaba kaɗan, daga ita babu wata. Ga shi kuma takardar horon da aka sayar da injina dominta tana da wa'adi, in ya cika bai samu aiki ba sai an sake biya a sabunta, mu kuwa ba mu da sauran abin sayarwa sai rufin kanmu.

Da Baba ya ji labari ya rasa inda zai sa kansa. Tarbiyyar da ya yi shekaru yana nuna wa baƙi ita ce ta kayar da ɗansa. Ya ce, "Wane irin aiki ne wannan da ake biyan yaro ya yi wa babba rashin kunya? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Na ce ai wannan ya wuce rimi, Baba. Bai yi dariya ba.

Washegari Auta ya zo da wata buƙata da ban taɓa zato ba. Yana so in riƙa zama masa kyaftin, in yi kuskure, shi kuma ya gyara mini.

"Me ya sa ni? Ga abokanka na makaranta."

Ya ce, "Su ba na jin nauyinsu. In na iya faɗa maka, zan iya faɗa wa kowa."

Ban san ko yabo ne ko zagi ba, amma na yarda. Muka jera kujeru biyu da ba a yi wa fenti ba, ya jingina wani falle na katako a gabanmu, ya zana agogo-agogo da alli. Karon farko ke nan da na zauna a hagun wani abu a harkar jirgin nan, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kujerar. Shi zai faɗi umarni da muryar masu ba jirage umarni daga hasumiyar filin jirgi, ya ce a hau ƙafa dubu shida, ni kuma in rubuta takwas.

Sai ya kalli allon, ya kalle ni. "Yaya, ko dai... wataƙila ni ne ban ji daidai ba..."

"Ni za ka koya wa aiki?" Na daka masa tsawa. "Yaushe aka haife ka?"

"A'a, Yaya. Yi haƙuri."

"To ka kashe mutane. Sake."

Kullum bayan azahar haka muke yi. Ya ce in riƙa tsanantawa don ya saba, ni kuwa ban taɓa samun aikin da ya dace da ni kamar wannan ba. Abin da na tara a ciki shekara da shekaru, ga shi an ce in fitar, har ana gode mini. Wani lokaci yakan daure ya kai ƙarshen magana, amma da na haɗe rai sai muryar ta narke. Da yake duk mun san wasa ne, ko ya faɗa ba ya shiga jikinsa. Kwanaki suna tafiya, ni ina kallon yaron da aka fifita a kaina yana kasa abin da ni tun da na yi wayo nake yi kyauta. Na ce a raina, ashe akwai abin da na fi shi.

Ana gobe gwajin, wata mata mai gidan abinci ta zo ganin aikinta. Kantar sayar da abinci za a yi mata, kuma ita ta kawo katakonta, wani dogon falle mai kauri mai jan ruwa, wanda ta ce daga nesa aka kawo mata, guda ɗaya tak. Can baya da na je auna wurin, Auta ne ya riƙe mini bakin tef ɗin awo. Ranar Baba yana zaune a ƙofar shago kamar yadda ya saba, matar tana tsaye da jakarta, sai ga Auta ya shigo daga wurin mai gugar tufafi, riƙe da farar rigar da zai sa gobe, a cikin leda. Ya rataye ta a ƙusa nesa da ƙura. Matar ta ce, "Au, wannan ne matuƙin? Masha Allah!" Ta juya mini baya, ta shiga yi masa tambayoyi, ko ba ya jin tsoro, ko gari yana da kyau daga sama. Baba yana ta washe baki.

Ni ina jan tef, amma idona yana kan rigar nan. Fara fat, ko lanƙwasa babu. Na dubi tawa. Na zare fensir daga bayan kunne na ja layi, na ɗora katakon a kan injin yanka.

"Yaya, layin nan bai yi ba."

A hankali ya faɗa, amma babu "ko dai", babu "wataƙila". Na ji shi sarai. A gaban mai kaya, a gaban Baba, a kan sana'ar da ita kaɗai ce tawa a duniya. Ko kallonsa ban yi ba, na kunna inji.

"Yaya, ka yi kuskure! Ya gaza. Ka tsaya!"

Wannan karon har mai shagon da ke kusa da mu ya leƙo. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na ce yau ko sama za ta faɗo sai na yanka, na tura katakon gaba.

Ƙarar injin ta mutu. Na ɗaga kai, Auta yana jikin bango, hannunsa a kan makunnin wutar shagon gaba ɗaya.

"Na karɓa," ya ce.

Zarton ya ci gaba da juyawa shi kaɗai har ya tsaya. Baba ya miƙe da sandarsa. "Kai! Yayan naka?"

Auta bai sunkuyar da kai ba. "Baba, a auna."

Na fizgi tef na auna don in kunyata shi. Na sake aunawa. Layin ya gaza da taƙi guda cur. Da na yanka, katakon matar nan ya tashi daga aiki, kuma ko wata uku na yi ina guga ba zan biya ta ba. Na tsaya da tef a hannu, ina jin kamar in kwaɗa masa mari, ba don ya yi ƙarya ba.

Baba ya dubi layin, ya dube ni, ya dubi kujeru biyun nan da allon alli da ke jingine a lungu. Sai fuskarsa ta saki, ya fashe da dariya har yana buga sanda a ƙasa.

"Kai, ɗan nan! Ashe tarko ka ɗana masa! Ni ma na ce, yaushe rabon da ka gaza awo?" Ya juya wurin matar. "Da gangan ya yi. Gwaji ne da ƙanensa gobe, shi ne yake koya masa. Kin ga babba ke nan."

Matar ta dafe ƙirji ta ce ita dai a daina koyarwa da katakonta. Aka yi dariya. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. Auta ya zo ya kama ɗaya bakin fallen don mu sauke, sai na ga idonsa ya tsaya a wuri ɗaya. Haƙorin zarton ya riga ya ci gefen katakon, ɗan tsagi kamar faɗin farce. Mai ɗana tarko ba ya bari ƙarfe ya taɓa kayan mutane, kowane ɗan kafinta ya san wannan. Ya ɗora babban yatsansa a kan tsagin, ya ce, "Yaya, wannan gefen ai shi zai jingina da bango, ko?" Muka juya shi.

Washegari da rana ina cikin guga waya ta yi ƙara.

"Yaya, dattijon ya sake yi. Wata lambar ya murɗa."

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya. Nan take ya ce ya ji, ya gyara." Na ji yana danne dariya. "Shi ba ya da taurin kai kamar wani kyaftin da na sani."

Na ce Allah ya sa albarka, kuma har zuciyata na faɗa, domin ni ma na gaji da lissafin minti.

Yanzu yana kujerar dama a wani jirgin fasinja, yana kwana a garuruwan da ni a taswira kawai na san su. Bakinsa ya buɗe. Kawu ya kawo wata shawara rannan, Auta ya ce masa cikin ladabi ba haka ba ne, Kawu ya kusa faɗowa daga kujera. Mama kuwa ta samu sabon labari. In baƙi suka zo, bayan an nuna hoto, sai ta kira ni, da garin katakon da komai, ta ce, "Ga wanda ya ci masa gwajin nan. Da gangan ya gaza awo a gaban mutane, ya zubar da girmansa don ƙanensa ya samu." Baƙi su yi ta sa mini albarka. Tunda aka fara harkar jirgin nan, wannan ne yabo na farko da ya faɗo a kaina, kuma a kan abin da ban yi ba ne. Wanda na yi, na shekaru, har yau babu wanda ya ambata.

In ana wannan labarin Auta yana nan, sai ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "Haka aka yi." Mutumin da yanzu ake biyansa albashi don ya faɗi duk kuskuren da ya gani, ya ga nawa da idonsa, ya san kuma abin da nake kallo lokacin da na ja layin, ya rufe da yatsa ya yi shiru. Na so a ce ya tona ni, ko sau ɗaya, in samu abin riƙewa a kansa. Ya ƙi. Sama ya fi ni, na haƙura da wannan tuntuni. Amma a ce a cikin shagona ma, a kan katakona, yaron nan ya fi ni hali, wannan ne na kasa haɗiyewa.